Dorugu a Landan: Idon Baƙo da Alƙalamin Mai Masauki

A shekarar 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, ya isa Landan tare da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. An kama shi bawa tun yana ƙarami, aka 'yanta shi a Barno. A Ingila ya zauna wurin Rabaran J. F. Schön na mishan ɗin CMS, yana ba da labarinsa da baki, Schön yana rubutawa. Labarin yana cikin littafin Magana Hausa na 1885.

Ƙarfin labarin shi ne idon yaron. Dubi yadda ya bayyana liyafar Turawa: maza da mata a tebur ɗaya, ga wuƙa ga cokali mai yatsu, ana ɗauke wannan akushi ana kawo wancan. Ya yi mamaki, amma bai zage su ba, bai kuma mai da su mala'iku ba. Bature ya saba zuwa kallon al'adunmu. A nan shi ne abin kallo.

Sai dai labarin yana da rauni. Mai magana yaro ne, mai rubutu kuwa shi ke ciyar da shi. Wa zai ci tuwon mutum ya kushe miyarsa a gabansa? Schön kuma Hausa yake nema domin nahawu da fassarar Littafi Mai Tsarki. Saboda haka mai karatu ya tambayi kansa: me Dorugu ya gani ya haɗiye?

Wannan tambaya ta shafe mu. A ce an tura ka aiki Maruta, a ƙasar Gwaram. Kai ne baƙo: gaisuwa, zaure, lokacin shiga gida, duk sai ka koya. Yi koyi da Dorugu, ka duba sosai kafin ka yanke hukunci. Ran da kuma wani saurayi ya dawo daga birnin wata ƙasa, ko baƙo ya sauka a ikkilisiyarka, kai ne a kujerar Schön. Zai faɗa maka abin da kake son ji. Makiyayi na gari yakan jira sauran maganar.

Don tattaunawa: wane abu ne baƙon ikkilisiyarku ba zai iya faɗa muku ba, kuma don me?