Ƙubbar Masallacin Nilaini da Zancen Sahun Farko

'Yan uwa, tun da aka fara maganar sake gina masallatan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rusa, samarinmu da suka karanta zanen gine-gine suna ta kawo wa kwamitoci hotunan da suka fitar da kwamfuta. Akwai manhajoji irin su Grasshopper: mutum zai ba ta faɗi da tsawo, ita kuma ta yanyanka ƙubba zuwa ɗaruruwan fale-fale masu kusurwa uku, kowanne shimfiɗaɗɗe, amma in an harhaɗa su sai ido ya ga abu zagayayye. In ya canza lamba guda, duk ginin ya sake siffa nan take. Kusan duk wanda ya kawo irin wannan zane, Masallacin Nilaini na Omdurman yake kafa hujja da shi.

To, mu dubi Nilainin. Ƙamaruddaula Abdulƙadir ya zana shi yana ɗalibi a Jami'ar Khartoum, Shugaba Numairi ya sa aka gina, aka buɗe shi a 1984 kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Ƙubbarsa ta alminiyam ce, sassa-sassa aka haɗa ta tun kafin waɗannan manhajoji, kuma ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ɗakin salla. Wannan mun yaba masa ƙwarai. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta tsayawar sahu tsakanin ginshiƙai in ba da larura ba, ga shi nan sahu yana miƙewa daga bango zuwa bango, kowa kuma yana hango liman a kan mumbari.

Sai dai ɗakin da'ira ne. Ɗalibai, ku zana da'ira a bayan allonku, ku ja layuka a cikinta suna fuskantar alƙibla. Wanne ya fi tsawo? Na tsakiya. Wanne ya fi gajarta? Na farko, wato shi wanda sunna ta fi kwaɗaitar da mu a kai. Ke nan siffar ginin da kanta ta rage adadin masu samun falalar sahun farko, alhali ɗaki mai kusurwa huɗu da ya faɗaɗa ta wajen alƙibla yana ninka su. Sallar ta inganta, ba mu ce ba ta inganta ba. Amma masallacin ƙasa da ake so a hango daga kan gada daban ne, na unguwa da ake cikawa sau biyar a yini daban.

Akwai kuma abin da hoton kwamfuta ba ya nunawa. Gwargwadon yadda aka ƙanƙanta fale-falen don ƙubba ta yi sumul, gwargwadon yawan mahaɗa, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce ga ruwan damina da ƙurar habubu. Sau da yawa sassan ba girmansu ɗaya ba, sai inji ya yanka kowanne da awonsa. Ranar da guda ya lotse, wane maƙeri ne a Suƙ Sha'abi zai ƙera madadinsa? Jan bulon da ake gasawa a Jiraif kuwa, kowane magini ya san hannunsa.

Ba mu ce a jefar da kwamfuta ba, ai lissafi gadonmu ne, adon da ke cikin Nilainin ma lissafi ne zalla. Muna dai roƙon injiniyoyinmu su fara ba manhajar tsawon sahun farko, da yawan masallata, da inda iska za ta shiga in an ɗauke wuta, sannan ta nemo rufin da ya dace. Kwamiti kuma, kafin ku kalli hoton ƙubba, ku ce a nuna muku zanen daɓe da layukan sahu a kai, ku ƙirga mutum nawa za su tsaya bayan liman.