Mai Ɗaga Labule: Yadda Mai Taska Ke Gabatar da Kansa

A shekarar 1822, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke shekara ta biyar a kan mulki a Sakkwato, wani dattijo ɗan shekara 81 a birnin Filadelfiya na Amurka ya zana kansa a kan ƙyalle mai tsayin fiye da ƙafa 8. Sunansa Charles Willson Peale. Zanen, wanda aka sani da Mai Zane Cikin Gidan Tarihinsa, yana nan har yau a Kwalejin Fasahar Zane ta Fensilbeniya.

Dattijon yana tsaye cikin baƙaƙen kaya, hannunsa na dama ya ɗaga wani jan labule mai nauyi, na hagu kuma a buɗe, alamar bismilla. Bayansa dogon ɗaki ne da ya miƙe har ido ya gaji. A jikin bangon hagu an jera akwatunan gilashi hawa-hawa, cike da tsuntsayen da aka feɗe aka cusa fatunsu, an tsara su dangi-dangi bisa tsarin masanin nan Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin. Sama da tsuntsayen kuma hotunan manyan mutane ne, galibinsu jagororin yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka. Daga gaba, kusa da mai kallo, ga mataccen talotalo a kan akwatin kayan aiki, ga farantin fenti da burushi a kan tebur, ga wasu ƙasusuwa jibga-jibga a ƙasa. Can cikin ɗakin wani uba yana nuna wa ɗansa abu, wata mata kuma ta ɗaga hannuwa don mamaki.

Abin da ya razana matar, mai kallo ba ya ganinsa sosai, kuma a nan wayon dattijon yake. Ƙwarangwal ne na mastodon, wata dabba dangin giwa da ta ƙare a duniya, wadda Peale ya haƙo a 1801 daga wata fadama kusa da Newburgh a jihar New York. Labulen ya rufe mafi yawanta. Ƙafafu kake gani da ɗan abin da ba a rasa ba. In kana son sauran, sai ka biya kuɗin shiga. A zahiri ma ba a wannan ɗakin ake ajiye ƙwarangwal ɗin ba, shi ya ɗauko shi ya dasa a zanen saboda ya san shi ne ke jawo jama'a. Kuma dabbar tana da wani aiki: masanin Faransa Buffon ya taɓa cewa halittun Amurka ƙanana ne, raunana, ba su kai na tsohuwar duniya ba. Waɗannan ƙasusuwan su ne amsar Amurkawa.

Don haka ni ban ɗauki zanen a matsayin hoton ɗaki ba. Hujja ce mutum ya kafa a kan kansa. Peale ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin sirdi a Annapolis, baduku ke nan in da a nan ne, kafin ya koyi zane, ya yi yaƙi, ya zana George Washington sau da dama, sannan ya buɗe gidan tarihinsa a shekarun 1780. Daga 1802 gidan ya koma saman ginin da aka ayyana 'yancin Amurka a cikinsa. Duk abin da ke cikin zanen yana nuni ne ga hannun mutum ɗaya: shi ya haƙo, shi ya feɗe, shi ya zana, shi ya jera. Hasken ma a kan sanƙonsa ya sauka.

Sai dai ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai Moses Williams, wanda ya tashi bawa a gidan Peale, ya koyi cusa fatun dabbobi, daga baya ya shahara wajen yanka siffar fuskokin baƙi a takarda, aikin da ya yi shekaru yana yi a cikin gidan tarihin. Ba ya cikin zanen.

Peale ya rasu a 1827, shekarar da Baturen nan Clapperton ya mutu a Sakkwato. Ba a yi shekara talatin ba kayan suka watse. P. T. Barnum, mai wasannin nishaɗi, na cikin waɗanda suka saye su, gobara ta ci da yawa, ƙwarangwal ɗin kuma ya ƙare a Darmstadt ta Jamus. Irin wannan zane na ɗakin taska daɗaɗɗe ne a Turai, kuma wani Ba'amurken, Samuel Morse, ya gwada shi tsakanin 1831 da 1833 da zanen wani ɗaki na gidan Louvre a Faris. Bai samu kasuwa ba, ya karkata ga wayar tangaraho.

To, mu fa? Duk wanda ya tashi a Dingyaɗi ko Sifawa ko Boɗinga ya san ba mu gaji zanen fuska ba. Malamai ba su yarda da suranta mai rai ba, shi ya sa babu wani hoton Shehu Usmanu ko na Bello da aka yi a zamaninsu. Waɗanda ke yawo a wayoyi ƙirƙira ce. Amma buƙatar da ta sa Peale ɗaukar burushi, wato mutum ya tsaya gaban abin da ya tara ya ce ga ni, ga inda na fito, ba baƙuwa ba ce a nan. Da alƙalami aka biya ta. Wajajen 1812, zamanin da Shehu ke zaune a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga, Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh, ɗan littafin da ya jero malamansa da abin da ya karanta a wajen kowanne: Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan karatu a gaban Shehu tun yana yaro, sannan sauran shehunnai irin su Malam Jibrilu ɗan Umar. Ya ambaci littattafan da sunayensu, su Ishiriniya, Ajuruma, Ahalari, Ashmawi, Risala.

In ka ajiye ayyukan biyu gefe da gefe, tsarinsu ya yi kusa: manya a sama, ilimi a jere a ƙasa, mai aikin yana yi wa baƙo jagora. Inda suka rabu shi ne wurin tsayuwa. Peale ya tsaya a gaba, ya fi kowa girma a ƙyallen, manyan da ya zana sun zama 'yan ɗigo a bayansa. Abdullahi kuwa a ƙasan malamansa ya ajiye kansa, darajarsa tana fitowa ne daga waɗanda ya durƙusa a gabansu. Ba ina nufin babu alfahari a ciki ba, domin lissafa manyan malamai shi ma shaidar isa ce, kuma duk almajiri ya san haka. Alfahari ne da ke bi ta kan sunan wani.

Akwai kuma bambancin da ya fi wannan nauyi. Abin da Peale ya jera kaya ne, guda-guda, in ya ƙone ya tafi. Abin da Abdullahi ya jera ana iya kwafarsa, ana iya haddace shi, shi ya sa har gobe yaro na buɗe Ahalari a zauren malaminsa a ƙasar Boɗinga, alhali mafi yawan tsuntsayen Filadelfiya sai a zane.

Amma kada mu yi saurin yabon kanmu. Hanyarmu ta adana sunaye da matani, ta bar kaya da ɗakuna. Yadda aka jera gafakoki a ɗakin karatun Abdullahi, irin tawada da allo da buzun da ke ciki, wa ya zauna ina, duk alƙalami bai damu da su ba, kamar yadda sau da yawa bai damu da sunan wanda ya kwafi littafi ko badukun da ya ɗinka masa gafaka ba. Ko taskar Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, wadda masanin tarihi Murray Last ya dogara da ita wajen rubuta tarihin Daular Sakkwato da ya fito a 1967, ƙarfinta yana ga mutumin da ya san kowace takarda da inda ta fito. Yau akwai cibiyar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunansa a Sakkwato, tana adana rubuce-rubucen hannu da kayan tarihi. Takardun da ke hannun iyalai a garuruwa irin namu kuwa, mafi yawansu suna cikin akwati ko buhu, kuma tsarinsu yana cikin kan dattijo ɗaya a gidan.