Zanen Salem da Ɗakunan Sujada na Ƙasar Wales

A ƙasar Wales babu wani zane da ya kai wanda ake kira Salem shiga gidajen jama'a. Sydney Curnow Vosper ne ya zana shi a shekarar 1908, a wani ɗan ƙaramin ɗakin sujada na 'yan Baptis da ke Cefncymerau, kusa da ƙauyen Llanbedr. A cikinsa ana ganin wata tsohuwa mai suna Siân Owen, sanye da doguwar baƙar hula da mayafi mai ado, tana ratsa tsakanin bencina riƙe da littafi, sauran jama'a kuwa sun sunkuyar da kai. A shekarar 1909 attajirin nan William Lever ya saye shi, aka riƙa buga kwafinsa ana bai wa masu sayen sabulun Sunlight. Ta wannan hanya ce, wato ta hanyar tallar sabulu, zanen ya zama alamar addinin al'umma guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Salem, duk da kyawunsa, ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci a irin waɗannan gine-gine, kuma ɓoyewar tana da tasiri a kan yadda ake adana su a yau.

Kafin a shiga nazarin, ya kamata a san su wane ne masu ɗakunan. Su ne Kiristocin da suka ƙi bin tsarin Cocin Ingila, waɗanda za a iya kira 'yan ƙin-bi. Sun haɗa da 'yan Baptis da Masu Zaman Kansu da 'yan Metodis mabiya koyarwar Calvin, waɗanda suka ɓalle a 1811. Ɗakin ibadarsu ana ce masa capel a harshen ƙasar, wato Cymraeg. Sai bayan Dokar Sassauci ta 1689 suka sami damar yin ibada a sarari, shi ya sa ɗakunan farko suka yi kama da gidan gona. Na Maesyronnen, alal misali, ginin gona ne aka mayar wajen 1697. Amma ƙidayar masu zuwa ibada ta 1851 ta nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na masu ibada a Wales capel suke zuwa. Hukumar kula da tsofaffin gine-gine ta ƙasar ta lissafa fiye da 6,000.

To, me Vosper ya nuna, me kuma ya bari? Ya nuna shiru da tsufa da ƙauyanci. Doguwar hular nan an daɗe da daina sa ta kafin 1908, har ma aro aka yi domin zanen. Yawancin mutanen da ke ciki ba 'yan wannan ikilisiya ba ne, mai zanen kansa kuma baƙo ne daga Devon ta Ingila. Waɗannan ba laifi ba ne a wajen mai fasaha, domin ba tarihi yake rubutawa ba. Babban giɓin shi ne rashin mumbari. Wanda ya zana capel bai sa mumbari ba, ya yi kamar wanda ya zana rijiya ya manta da ruwa.

Dalili kuwa shi ne, dukan tsarin ginin a kan mumbari ya dogara. A tsohuwar majami'a ido yana tafiya ne zuwa ga bagadi a can ƙarshen doguwar hanya. A capel kuwa kunne aka yi wa gini. A tsarin farko, mumbari yana jingine da tsakiyar doguwar katanga, tsakanin dogayen tagogi biyu masu haska littafin mai wa'azi, ƙofofi kuma suna gefe da gefe. A gindinsa akwai wurin zaman da ake kira sêt fawr, wato babbar kujera, inda dattawan ikilisiya suke zama. A sama akwai bene da ya kewaye ɓangarori uku, bencinansa hawa-hawa, ta yadda mutum ɗari bisa ɗari za su taru amma kowa yana kusa da bakin mai magana. Shi wannan bene ne kuma ya sa waƙar taro mai murya huɗu ta bunƙasa. Maganar da ake yi a mumbarin, a mafi yawan wurare, da Cymraeg ake yin ta, daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta William Morgan ta 1588. A lokacin da rahoton gwamnati na 1847 a kan ilimi ya aibanta harshen da masu shi, makarantun Lahadi na capel ne suke koya wa yara da manya karatu da shi. Saboda haka duk wanda ya damu da rayuwar harshe, dole ya ɗauki waɗannan ɗakuna a matsayin makarantun balaga da muhawara.

Haka nan zanen ya sa mutane suna zaton capel abin ƙauye ne kawai. Alhali a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da ma'adinan gawayi da ƙarfe suka tara jama'a a kudu, an juya tsarin: ƙofa ta koma gajeriyar katanga mai fuskantar titi, aka ƙawata ta da ginshiƙai irin na Girka da Rum. Thomas Thomas, wanda limami ne kuma mai tsara gini, ya yi suna da babbar bakar da yake ɗorawa a goshin gini. Tabernacl na Morriston, wanda John Humphrey ya tsara aka buɗe a 1872, har hasumiya gare shi. Masu sukar gini sun daɗe suna yi wa irin waɗannan fuskoki ba'a, wai kwaikwayo ne maras tsari. Akwai ƙanshin gaskiya a zargin, don wasu an cakuɗa salo uku a bango ɗaya. Sai dai ba'ar ta manta cewa da kwabban leburori aka gina su, ba da dukiyar sarauta ba.

Yau zamani ya juya. A ƙidayar 2021, kashi 46.5 cikin ɗari na mutanen Wales sun ce ba su da addini, masu jin Cymraeg kuma kashi 17.8 ne. Ɗakuna masu yawa an rufe su, wasu sun zama gidajen kwana ko kantuna ko mashaya. Ƙungiyar Capel, wadda aka kafa a 1986, da asusun Addoldai Cymru suna ƙoƙarin ceto abin da zai cetu. Amma abin da aka fi yi shi ne a bar fuskar gini domin kyawun titi, a fasa bene, a sayar da bencina, a fitar da mumbari. Wannan shi ne kuskuren Vosper a wata siga: an riƙe abin kallo, an yar da abin sauraro. Gwamma abin da aka yi a Machynlleth, inda aka mayar da Tabernacl na garin zauren kiɗa da taro, aka bar benensa da bencinansa, murya tana ci gaba da aikin da aka yi ginin dominsa.

A 2019 Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth ya sayi kwafi na biyu na Salem wanda Vosper ya zana da hannunsa. Masu zuwa kallo har yanzu abin da suka fi nema shi ne fuskar shaiɗan da ake cewa tana ɓoye a cikin ninkin mayafin tsohuwar.