Mai Tsaron Ƙofar Saba a Zuru

Garin da ke da jami'a, kamar yadda Zuru ta samu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, ba ya rasa aikin shafukan intanet. Makaranta na son shafin rajista, da na duba sakamako, da na ɗakin karatu, amma sau da yawa kwamfuta ɗaya ce tak za ta ɗauki duka ukun. Ita ake kira saba. A nan gwanintar take, kuma ta cancanci a tsaya a kalla.

Gwanin yakan fara da girka Docker, manhajar da ta fito a 2013. Aikinta killace kowace manhaja a cikin kwantenarta, da duk kayan da take buƙata, ta yadda in ɗaya ta lalace ba za ta shafi sauran ba. Sai ya ƙara kwantena ta huɗu, ya zuba mata Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004. Wannan ita ce ribas furoksi, wato wakilin ƙofa. Kamar dattijon da ke zaune a zaure take: baƙo ya yi sallama, ya faɗi wanda yake nema, dattijo ya shiga ya karɓo masa amsa, baƙon bai ga tsakar gida ba.

Tsarin kwantenonin duka a fayil ɗaya yake rubuta shi, kuma fayil ne mai tsantseni, domin tazarar da ke farkon layi ma'ana ce da ita. Ka ƙara gurbi ɗaya inda bai dace ba, komai ya ƙi tashi. Kalli yadda yake matso da fuska kusa da baƙin allo, yana bin layukan da ɗan yatsa. Ƙofofi biyu kawai yake buɗe wa duniya, lamba 80 da 443. Sauran kwantenonin yana ɗaure su a wata hanyar cikin gida, inda suke kiran juna da suna. Kafin ya sabunta komai sai ya buga nginx -t, umarnin da ke duba ko an manta da wata alama a saitin Nginx. Sai Nginx ta ce lafiya lau, sannan ya sake tayar da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake lissafi da halin wurin. Wuta na ɗaukewa, saboda haka ga batir da sola, kuma ya rubuta wa kowace kwantena ta tashi da kanta in kwamfuta ta dawo. Layukan waya, har da Starlink da ya shigo Najeriya a 2023, galibi adireshi ɗaya suke raba wa mutane da yawa, don haka na waje ba ya iya ƙwanƙwaso ƙofarka kai tsaye. Gwani ya san haka tun kafin ya fara. Ko ya yi hayar ƙaramar saba a waje, ko ya haƙa hanya ta kamfanin Cloudflare wadda ke fita daga ciki.

Sai takardar tsaro, wadda ke sa ɗan kwado ya bayyana a gefen adireshi a wasu manhajojin shiga intanet. Ƙungiyar Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, amma kwana 90 take yi. Wanda ya girka ya tafi ya miƙe ƙafa, bayan wata uku ɗalibai za su tarar da jan gargaɗi ranar da suke ɗokin ganin sakamako. Shi kuwa ya sa ta sabunta kanta, kuma duk da haka yana leƙawa.

Da safe yakan karanta rajistar masu shiga da fita. In ya ga lambar kuskure 502, ya san mai ƙofa na nan daram, na ciki ne bai amsa ba, sai ya nufi kwantenar da ta kwanta kai tsaye. Fayilolin saiti da bayanan ɗalibai kuwa a wajen kwantena yake ajiye su, da kwafi a wani wuri dabam, domin in tsawar damina ta ƙone sabar, ya ɗauko wata kwamfuta, ya sauke kwafin, ya tayar da shafukan uku da umarni ɗaya.