Masu Yi wa Tsohon Gini Magani

Mutumin Gure da ya taɓa bin kwalta zuwa Damagaram kallon hawan salla ya san inda ake cincirindo: ƙofar fada, cikin Birni. Nan ne dandalin gari tun kafin a san gidan wasa mai kujeru. Nan kakaki ke tashi, nan mahaya ke sakin linzami su kai jafi. Fadar da ke bayansu kuwa da ƙasa aka ɗora ta, zamanin Sarki Tanimu, wajen 1850. Ba don magina ba, da damina ta daɗe da mayar da irinta tsibi.

Gyaran tsohon gini ya fi tayar da sabo wuya. Gwani ba ya farawa da kwaɓi. Zagaya bango yake yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne. Inda ya ji amo irin na ƙwarya, ya san yaɓe ya rabu da tubali. Sai ya hau sama ya duba indararo, don in ya toshe, ruwa ya kwana a kan soro, azara ce za ta ji a jikinta. Ita kuwa azara ta giginya ake nema, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba.

Kwaɓin ma ba a yi masa gaggawa. A zuba wa ƙasa ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta tsumu. Saman yaɓe a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ruwa ya riƙa zamewa. Mai ƙosawa kan ce a lafta siminti a huta. Siminti kuwa kulle laima yake a ciki: waje sumul, ciki ya ruɓe, wata rana ya ɓamɓaro da rabin bango.

Inda nake sara wa magina shi ne wajen zane. Dagi da sauran adon fuskar gidajen Birni da yatsu aka fitar da su, yaɓe na ɗanye. In rabi ya zube, magini zai tsaya ya ƙura wa ragowar ido, ya gano inda hannun mai shi ya lanƙwasa, kaurin layinsa, har 'yar karkatar da ya yi ta hagu. Ba ya miƙe ta. Da ita yake ƙarasa zanen.