Garin Kaboyi a Kan Tebur: Tarihi Ake Ginawa ko Fim?

A Amurka akwai mutanen da kan ware ɗaki sukutum a gidajensu, su shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan teburan katako, jirgi mai aiki da lantarki yana ratsa duwatsun filasta da gadojin tsinke. Galibinsu magidanta ne, wasu har da furfura. Suna da mujallarsu, Model Railroader, tun 1934, kuma a 1935 suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya don daidaita ma'auni, yadda taragon wani kamfani zai hau dogon wani. Daga cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu ta kwanta da zamani guda: garuruwan bakin iyaka na yammacin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda duk wanda ya taɓa shiga silima a Kano ko Kaduna ya sani ta finafinan kaboyi.

Ma'aunin da aka fi yayi shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Ƙato mai tsayi sai ya dawo santimita 2. Amma ko da an rage, kilomita guda na dogo yana bukatar mita 11 da rabi, ɗakin kuwa bai kai haka ba. Dole a yi ta datsewa. Titi mai shaguna arba'in ya koma mai shida, otal mai tagogi goma ya tashi da huɗu, gine-ginen da ke can baya a yi su da ma'auni mafi ƙanƙanta don ido ya ɗauka nesa suke. Ba laifi a nan, kowace sana'a da dabarunta. Sai dai mai datsewa shi ke zaɓen abin da zai rage, kuma daga zaɓin nan ake gane inda ya samo garinsa.

Aikin hannun kansa abin a yaba ne. Mai gini kan sayi siraran katakon basswood da ba su fi tsinken ashana kauri ba, ya kankare kowane da burushin waya har jijiyar itacen ta fito, ya tsoma shi cikin tawada baƙa da aka sirka da sifirit, ya bari ya bushe ya yi toka-toka. Sannan ya manna su ɗaya bayan ɗaya, yana barin wani falanki ya ɗan karkace, ya ɗiga ramukan ƙusa da bakin allura. A gaban shagon sai ya ɗaga doguwar fuskar katako mai kusurwa huɗu wadda ta zarce rufin, yadda mai wucewa zai zaci bene ne alhali bayanta ɗaki ne ɗaya tal. Wannan fuskar bogi gaskiya ce ta tarihi: 'yan kasuwar wancan lokaci sun yi ta don jan ido da rufin asiri.

Tsufar da gini da gangan kuwa, sunan da aka fi haɗa ta da shi shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya. A 1948 ya ci gasa da wata rumfar kan jirgi da ya ƙera, ya sa mata tattabaru a rufi har da kashinsu, a zamanin da kowa ke gabatar da gini fes. Layinsa, Gorre & Daphetid, ya zama makaranta ga masu tasowa. Ya rasu a Janairun 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye aikin, galibi hotuna ne suka rage.

Almajiransa sun ɗauki darasin, amma da yawa sun wuce gona da iri. Dubi garin da ake cewa na 1880 ne: fenti ya kwaile, rufi ya lotsa, katako ya yi fari fat. To yaushe ya tsufa? Garuruwan nan a lokacin jarirai ne. Wasu ma tantuna ne da ke bin ma'aikatan dogo, irin su Benton ta Wyoming, wadda ta tashi ta mutu cikin 'yan watanni a 1868. Wanda ya ɗore kuwa, katakonsa ɗanye ne rawaya, mai hali kuma yana shafa fenti don a san da shi. Abin da maginan ke kwafa kufai ne. Bodie, garin zinariya a Kalifoniya, ya cika ya batse wajen 1880, gobara ta ci shi a 1892 da 1932, mutane suka watse, sannan a 1962 jihar ta mai da shi wurin tarihi, ta bar gine-ginen yadda rana da ƙanƙara suka mai da su. Mai gini ya je ya ɗauki hoto, ya dawo ya zuba mutanen 1880 cikin kangon 1962.

Haka batun bindiga. Da wuya ka ga irin wannan gari babu mutum biyu da suka ja daga a gaban mashaya, ko 'yan fashi suna fitowa daga banki. Masanin tarihi Robert Dykstra ya bi bayanan garuruwan shanu biyar na Kansas, wato Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell, ya ƙirga kisan kai 45 tsakanin 1870 da 1885. Ga ƙananan garuruwa ba kaɗan ba ne, amma ina aka ga harbi kullum rana tsaka? Dodge City ma a lokacin tana da dokar hana yawo da makami a cikin gari.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda datsewar ke faɗawa a kai. Mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Sierra Nevada wa kamfanin Central Pacific 'yan China ne, dubbai. Da aka haɗe dogon gabas da na yamma a Promontory ta Utah ranar 10 ga Mayu 1869, da ƙyar za ka tsinci fuskarsu a shahararren hoton bikin, kuma a 1882 aka yi dokar hana leburorin China shiga ƙasar. Bodie ma a lokacin tana da unguwar Sinawa. Cikin makiyayan da ke koro shanu daga Texas akwai baƙar fata da 'yan Meziko masu yawa. Ƙasar da dogon ya ratsa kuwa ta Cheyenne da Lakota da wasunsu ce, kuma jirgin ya taimaka wajen ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta. Fim ya share su, tebur ya bi sahun fim. Mai iya ɗiga ramin ƙusa da allura ba zai ce wurin ɗan shagon wanki na Basine ne ya gagare shi ba.

Akwai masu yin abin da kyau, kuma ana gane su tun daga tambayar da suke fara yi: me ya kawo jirgi garin nan? Abilene ta bunƙasa ne don Joseph McCoy ya gina shingen lodin shanu a bakin dogo a 1867. Silverton ta Colorado, wadda siririn dogon Denver & Rio Grande ya isa a 1882, ma'adini ne ya riƙe ta. Wanda ya fara daga nan zai sa tankin ruwa, tunda jirgin tururi ba ya tafiya sai ya sha, ya sa sito, da maƙera, da bargar dawaki, da titi mai faɗi cike da taɓo da kashin dabbobi. Mashaya sai ta zo daga baya, in wuri ya ragu.

Kar a ce na hana mutum nishaɗi a ɗakinsa. Allen kansa ya ajiye wata dabbar dinaso mai suna Emma tana jan tarago a tasharsa, kowa ya san raha yake yi. Wanda ya gina garin fim ya ce na fim ne, mun gaishe shi da aiki. Amma wanda ya rubuta 1880 a jikin tasharsa, ya kai baje koli yara suna kallo, to ya nemo hotunan 1880 ya duba, ya sa wa shagunansa fenti, ya kuma dawo da mutanen da suka shimfiɗa dogon.