Gwanintar Kamo Korona Tun Tana 'Yar Kaɗan

Mai tari da zazzaɓi ba ya wahalar da masu gwajin korona, don ƙwayar ta riga ta cika masa hanci. Wahalar tana ga wanda ya ɗauki cutar shekaranjiya, yana cinikinsa garau a kasuwar Sara ta Jigawa, ƙwayoyin da ke maƙogwaronsa ba su taka kara sun karya ba. Kamo irin wannan shi ne gwaninta.

Dabarar PCR da ake gwajin da ita, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ninki ce zalla. Ana zaro sinadarin gadon ƙwayar, wato RNA, a mayar da shi DNA, sai na'ura ta riƙa kai shi zafin digiri 95 tana sauko da shi wajen 60. Kowane zagaye yana ninka shi biyu. A zagaye 30, kwafi ɗaya ya haura biliyan. Sai dai na'ura ba ta ninka abin da bai iso gare ta ba.

Shi ya sa aikin ke farawa daga hanci. An fi so tsinken audugar ɗibar majina ya kutsa can ƙurya, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro, a murza shi ko da mutum na hawaye. RNA kuwa ba ya jure zafin bazarar Jigawa. Daga Sara zuwa Birnin Kudu, har Dutse ko Kano, sai a kai samfurin cikin kula da ƙanƙara, tsakanin digiri 2 da 8, kuma kada ya wuce kwana uku.

Masu haɗa sinadaran ma sun yi dabara: gwaji ɗaya yana neman ƙwayar ta wurare biyu ko uku a jikin gadonta. A ƙarshen 2020 nau'in Alfa ya ɓulla a Ingila, ya kuɓuce wa ɗaya, sauran suka cafke shi.

Amma abin da ya fi burge ni yana hannun ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Bayan ƙwayar, tana kuma neman alamar gadon ɗan'adam a cikin majinar. In wannan alama ba ta haska ba, ta san audugar ba ta kai inda ya kamata ba, ko samfurin ya lalace a hanya. Ga layi ya taru, ga likita na jira, rubuta "babu" ya fi sauƙi. Ita kuwa sai ta ajiye biro, ta aika a sake ɗebo wani.